Gksudo ya tafi, sudo na canzawa: tambayoyi da amsoshi ga masu taimaka wa jama'a da matsalar kwamfuta

Waɗannan tambayoyin na tattaro su ne daga abin da ke ta dawowa tsakanin mu masu amsa wa mutane matsalar Linux da sauran kwamfutoci, musamman idan aikin yana buƙatar ikon admin. Da yawan mu mun rubuta bayanai shekaru da suka wuce, lokacin daidai suke, amma yanzu mutum zai kwafa ya manna sai kwamfuta ta ce ba ta san umarnin ba. Na yi magana da "ka" don sauƙin rubutu ne kawai, 'yan'uwa mata ma da ku nake.

Wai me ake nufi da kayan ikon admin ɗin nan?

A kwamfuta akwai asusun ka na yau da kullum, akwai kuma babban asusu mai iko da komai, a Linux da Mac sunan sa root, a Windows kuma Administrator. Asusun ka ba zai iya taɓa fayilolin tsarin kwamfutar ba, da gangan aka yi haka domin in ka yi kuskure ko wata muguwar manhaja ta shigo ɓarnar ta tsaya a iya foldar ka. Toh idan za ka saka manhaja, ko ka gyara fayil irin /etc/fstab, dole ka ari ikon root na ɗan lokaci, kuma kayan da ke ara maka shi su ne muke magana a kai.

Wanda kowa ya sani shi ne sudo, tsohon abu ne sosai, tun wajen 1980 aka fara rubuta shi a wata jami'a a Buffalo ta Amurka, kuma Todd Miller ne ke riƙe da shi shekara da shekaru. Akwai umarni mai suna su wanda ya girme shi, akwai pkexec na polkit, wato tsarin da ke tantance izinin manhajoji, akwai doas, akwai run0, sannan da can akwai gksu da gksudo da kdesudo na buɗe manhajoji masu taga. Duk ƙofa ɗaya suke buɗewa amma ba hanya ɗaya suke bi ba, nan ne matsalar take farowa.

Na rubuta gksudo gedit sai ta ce command not found, na lalata wani abu ne?

A'a, ba ka lalata komai ba, gksudo ɗin ne babu shi. Ubuntu, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux, ta daina saka shi kai tsaye tun sigar 13.04, amma a lokacin kana iya sauke shi da kanka, sai a 2018 Debian ta cire shi daga rumbun ta gaba ɗaya, Ubuntu 18.04 ma ta fito babu shi, kdesudo ma haka. Dalilin shi ne an daɗe babu mai kula da shi, ga matsalar tsaro, ga kuma cewa asalin dabarar tasa, wato a ɗauki manhaja mai taga sukutum a ba ta ikon root, masu haɗa tebur na GNOME da KDE sun riga sun juya mata baya.

Wani lokaci ma editan rubutun, wato gedit ɗin, ne babu, tunda daga GNOME 42 an koma sabon edita mai suna gnome-text-editor, Ubuntu ta bi sahu a 22.10. Kaga layi ɗaya mai kalma biyu, duka biyun sun tsufa. Abin da za ka yi amfani da shi a madadin yana tambayar gyaran fayil a ƙasa.

Toh in cire gk ɗin kawai in bar sudo gedit ba shikenan ba?

Wannan ita ce gyarar da na fi gani kuma ita ce na fi jin tsoro. Ai dama dalilin da ya sa aka ce a yi amfani da gksudo tun farko shi ne don kar a yi sudo gedit. A Ubuntu kafin 19.10, sudo yana barin HOME, wato bayanin da ke gaya wa manhaja inda gidan mai amfani yake, yana nuna foldar ka, sai manhajar ta tashi a matsayin root amma ta riƙa rubuta fayilolin saitin ta cikin gidan ka, a .config da .cache, wani lokaci har .Xauthority ko .ICEauthority su koma mallakar root. Ranar ba za ka ga komai ba. Sai washegari.

Na taɓa zama da wata ɗaliba da wannan ya same ta, ta saka kalmar sirri a allon shiga, allon ya yi baƙi kamar daƙiƙa biyu ya dawo da ita inda ta fito, ta sake sakawa ya sake dawowa, har ta fara zargin ta manta kalmar sirrin nata ne, ga aikin makaranta a ciki. Muka danna Ctrl+Alt+F3 ta shiga da rubutu zalla, muka yi ls -la a gidan ta sai ga .Xauthority an rubuta root root a gefen sa. Layi ɗaya ya gyara shi, sudo chown $USER:$USER ~/.Xauthority, amma kafin nan ta kwana biyu hankali a tashe, kuma abin da ta yi kawai shi ne ta bi bayanin da wani ya rubuta da kyakkyawar niyya.

Daga 19.10 Ubuntu ta daidaita da sauran, sudo yana mayar da HOME zuwa na root, wannan hatsarin ya ragu sosai. Amma kai mai ba da shawara ba ka san sigar da ke hannun mai karatu ba. In dole sai an yi, a rubuta sudo -H, shi ma ba shi ne zaɓi na farko ba. Wanda yake zargin abin ya riga ya same shi ya yi find ~ -user root zai ga duk fayilolin da suka kuɓuce masa.

Me zan gaya wa mutum idan fayil ɗaya kawai yake so ya gyara?

Ka ce masa sudoedit /etc/fstab, ko sudo -e, duk ɗaya ne. Yadda yake aiki ya burge ni tun ranar da na gane shi: yana kwafar fayil ɗin zuwa wani wuri na wucin gadi, ya buɗe maka edita a matsayin kai ba root ba, in ka gama ka rufe sai ya mayar da abin da ka rubuta mazaunin sa da ikon root. Wato editan bai taɓa riƙe ikon ba sam. Yana duba SUDO_EDITOR da VISUAL da EDITOR don ya san wanne zai buɗe, saboda haka wanda editan vi ke rikita shi sai ya rubuta SUDO_EDITOR=nano sudoedit sai sunan fayil. In edita mai taga yake so shi ma yana yi, sai dai a ƙara masa alamar jira, misali code --wait, in ba haka ba sudoedit zai ɗauka an gama tun ba a fara ba.

Mai GNOME yana da wata hanyar, ya rubuta gnome-text-editor admin:///etc/fstab, a lura sanda uku ne bayan admin, mutane na yawan saka biyu. Haka a manhajar fayiloli, Ctrl+L sai admin:/// sai hanyar foldar. Taga za ta fito ta nemi kalmar sirri, wani lokaci sau biyu, ba matsala ba ce. Mai KDE kuwa ya fi kowa hutawa, ya buɗe fayil ɗin da Kate kamar kowane fayil, ya gyara, lokacin ajiyewa ne za ta tambaye shi kalmar sirri. Kate ma in ka kira ta da sudo ƙin tashi take yi ta ce maka ba haka ake yi ba.

Sudo nano ma yana nan daram, ba taga gare shi ba, yana aiki kusan ko'ina har a sabar da ba ta da tebur. In ban san teburin mutum ba shi ko sudoedit nake faɗa.

An ce pkexec ne magajin gksudo, me ya sa pkexec gedit ba ya buɗewa?

Domin ba magajin sa ba ne ta yadda ake zato. Pkexec yana share kusan duk bayanan muhalli kafin ya tashi manhaja, har da DISPLAY da XAUTHORITY waɗanda su ne ke gaya wa manhajar wane allo za ta fito, sai ta ce cannot open display ta mutu. Da gangan ne. Manhajojin da aka yarda su tashi da taga ta hanyar sa, irin GParted da Synaptic, kowacce tana da nata fayil na izini a /usr/share/polkit-1/actions, shi ya sa in ka danna su daga menu suke neman kalmar sirri su buɗe lafiya lau ba tare da ka rubuta komai ba.

Za ka ga wasu suna ba da pkexec env DISPLAY=$DISPLAY XAUTHORITY=$XAUTHORITY sai sunan manhajar. Yana yi a wasu kwamfutocin, amma an gudu ne ba a tsira ba, ka dawo da abin da aka cire gksudo saboda shi. In na tarar da wannan a tsohon bayani ba na goge shi, ina dai saka sudoedit ko admin:// a saman sa in ce a fara gwada su.

Menene ruwan Wayland a wannan maganar?

Ruwan sa babba ne. A tsohon tsarin allo na Xorg manhajar root tana iya fitowa kan teburin ka cikin sauƙi, sabon tsarin Wayland kuwa ba a tsara shi don haka ba, sai ka ga umarnin da ya yi wa wani aiki ya ƙi yi wa wani alhali sigar su ɗaya. Ubuntu ta koma Wayland a 17.10, ta ja baya zuwa Xorg a 18.04, ta sake komawa a 21.04, Fedora kuma tun sigar 25 take kai. Kaga bayanin da aka rubuta a ƙarshen 2017 da wanda aka rubuta a tsakiyar 2018 za su iya saɓa wa juna kuma kowa gaskiyar sa ya faɗa.

Daga nan ne xhost +si:localuser:root ya bazu. Wannan aƙalla root kaɗai ya buɗe wa ƙofa. Amma xhost + shi kaɗai ba komai a gaban sa, dan Allah duk inda ka gan shi ka gyara, yana cire tsaron allon ne ga kowa da kowa. Kafin ka amsa wa mutum ka ce ya turo maka abin da echo $XDG_SESSION_TYPE ya nuna, zai ce wayland ko x11.

Ba zan iya sauko da tsohon gksu in saka ba, ko in ƙirƙiri laƙabi, wato alias, mai sunan sa?

Iyawa kam za ka iya, ana samun tsohon fayil ɗin deb, amma ka duba me kake yi: ka ɗauko manhajar da aikin ta shi ne karɓar kalmar sirrin ka da miƙa ikon root, wadda ba mai toshe mata rami, ka tilasta ta kan tsarin da ba a gina ta don shi ba, sau da yawa sai ka janyo tsoffin dakunan karatu na manhaja tare da ita. A kwamfutar ka kai ka sani. Amma ka rubuta wa jama'a su yi haka, gaskiya ban yarda ba.

Laƙabin da ke mayar da gksudo zuwa pkexec env shi ma yana ɓoye matsalar ne, mutum zai cigaba da bin tsoffin bayanai yana ganin suna aiki har ranar da ya zauna gaban wata kwamfutar. Duba tambayar pkexec a sama don dalilin da ya sa asalin dabarar ba ta da ƙwari.

A Debian na shiga da umarnin su amma usermod ya ce command not found

Wannan wani canjin ne daban da ya kama mutane da yawa. Daga Debian 10 ta 2019, umarnin su shi kaɗai ba ya canza maka PATH, wato jerin foldojin da ake neman umarni a ciki, ka zama root amma kwamfutar ba ta duba /usr/sbin inda usermod da makamantan sa suke zaune. Maganin karan ɗori ne guda, su - da tazara tsakanin su. Duk bayanin da aka rubuta kafin 2019 da ya ce a shiga da umarnin su yana buƙatar wannan karan.

Kuma tunda an zo nan, a Debian in ka saka wa root kalmar sirri lokacin girkawa, ba a saka asusun ka cikin masu sudo, shi ya sa bayanin da aka rubuta wa Ubuntu yake ƙin aiki. Sai ka yi su - sannan usermod -aG sudo sunanka, ka fita ka sake shiga. Kar a manta a ɗin nan da ke cikin -aG, in babu shi za a cire mutum daga duk sauran rukunonin sa. Sunan rukunin ma ba ɗaya ba ne, Debian da Ubuntu sudo, Fedora da Arch wheel, Ubuntu kafin 12.04 kuma admin ake ce masa, har yanzu ana cin karo da bayanan da ke cewa a saka mutum a admin.

Ina jin sudo-rs da run0 da doas, sudo zai mutu ne shi ma?

Bai mutu ba, amma yanzu in mutum ya rubuta sudo ba lallai manhaja ɗaya ce ke amsawa ba. Ubuntu 25.10 ta sa sudo-rs ya zama na asali, sabon rubutu ne da harshen Rust don rage irin kurakuran ƙwaƙwalwa da suka haifar da ramin tsaro na sudo mai suna Baron Samedit da aka bayyana a farkon 2021. Sunan umarnin bai canza ba, ayyukan yau da kullum irin sudo apt update suna tafiya yadda aka saba, amma da gangan ba su ɗauko duk abin da tsohon ke yi ba, misali ajiye dokokin sudoers, wato dokokin wanda aka yarda ya yi sudo, a sabar asusu ta LDAP. Saboda haka bayanin da ya shiga lungunan /etc/sudoers sosai yana buƙatar a sake gwada shi. Sudo --version zai gaya maka wanne ne a gaban ka.

Run0 ya zo da siga 256 ta systemd, manhajar da ke tada ayyukan tsarin, a 2024. Ba ya dogara da setuid, wato alamar da ke sa manhaja ta tashi da ikon mai ita, yana roƙon systemd ne ya tashi umarnin, polkit ke tantance ka, kuma ba ya karanta sudoers ko kaɗan, har yana rina bayan taminal ɗin da ja-ja don ka tuna kana root. Ubuntu 24.04 tana kan systemd 255, Debian 12 tana kan 252, duka biyun ba su da shi, Debian 13 tana da shi. Doas kuma daga OpenBSD ya fito a 2015, ƙarami ne, saitin sa a /etc/doas.conf layi ɗaya ma ya isa, masu Alpine shi suka fi amfani da shi.

Shawara ta, kar ɗokin sabon abu ya sa ka bi tsoffin bayanan ka kana mayar da kowane sudo zuwa run0. Mafi yawan masu karanta ka ba su da shi tukuna.

Toh ya zan gyara tsohon bayani ba tare da na ɓata shi ba?

Nan ne zuciyar maganar. Kar ka fara da tambayar wace kalma ce ta maye gurbin wacce, ka fara da tambayar me marubucin yake so a yi a wannan layin. In gksudo gedit ne, fayil yake so a gyara, amsar sa sudoedit ko admin://. In gksudo nautilus ne, yawanci kwafar fayil ɗaya ake so zuwa foldar tsarin, sudo cp ya wadatar ba sai an buɗe manhajar fayiloli da ikon root ba inda jan linzami ɗaya cikin kuskure zai iya kwashe folda guda. In gksudo gparted ne, yanzu a buɗe shi daga menu kawai. Wani lokacin ma za ka tarar aikin ba ya buƙatar root sam, marubucin ya saba ne kawai. Kalma ɗaya ce a tsohon rubutun amma gyara huɗu daban daban, shi ya sa nemo-ka-musanya na bai ɗaya ba ya yi.

Bayan haka kar ka share tsohon. Akwai mutanen da har yau suke kan tsoffin sigogi saboda injin su ba zai ɗauki sabo ba, ko wata na'urar aiki ta ɗaure su, kuma wanda ya zo neman dalilin da ya sa gksudo ya ƙi aiki da wannan kalmar zai yi bincike, in ka goge ta ba zai same ka ba. Ka saka sabuwar hanya a sama, ka rubuta daga wace siga take aiki, ka bar tsohuwar a ƙasa da bayanin cewa ta 16.04 ce zuwa baya. Ka saka wata da shekarar da ka gwada. Kalmar "yanzu" ko "sabuwar siga" ba ta da amfani a irin wannan rubutun, bayan shekara biyu ba wanda ya san wane yanzu kake nufi, ka rubuta lambar.

Sannan ka ƙara jimla ɗaya ta dalili. Mutumin da aka gaya wa me ya sa ba a buɗe edita da ikon root zai gane da kansa in ya ci karo da wani tsohon bayanin a wani wuri, wanda aka ba umarni kawai zai sake faɗawa.

Bayanin ba nawa ba ne, wani ne ya rubuta, ina da hurumin taɓawa?

In wuri ne da kowa ke da izinin gyara, ƙaramin gyara da bai canza manufar marubucin ba ka yi shi, ka faɗi abin da ka canza da dalili. In gyaran zai juya bayanin gaba ɗaya gara ka rubuta naka daban ka nuna alaƙar su, ko ka tuntuɓe shi in yana nan. Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba.

Abin da nake roƙo shi ne a kula da harshe. Wanda ya rubuta gksudo a 2012 shi ne ya yi daidai a lokacin, shi ne ma mai taka tsantsan. Ka ce masa malam bayanin nan ya taimaki mutane, amma daga 18.04 an cire gksudo, ko za a ƙara kaza. Na ga mutanen kirki sun daina taimako saboda wani ya zo bayan shekara goma ya ce musu ba su san abin da suke yi ba, kuma asarar ta kowa ce.

Akwai shawarwarin da tun asali na ɗan lokaci ne?

Akwai, kuma su ne suka fi buƙatar a bi su a rufe. A Janairun 2022 kamfanin Qualys ya bayyana ramin PwnKit a pkexec, wanda ya ba kowane mai asusu damar zama root, kuma ramin yana nan tun 2009. Kafin gyaran ya iso wa kowa an ba da shawarar chmod 0755 /usr/bin/pkexec don a cire masa setuid. A wancan satin shawara ce mai kyau. Wanda ya yi ta yau kuwa ya karya pkexec ɗin sa ne a banza, manhajojin da ke bi ta kan sa su daina buɗewa, alhali sabuntawa kawai yake buƙata. Duk lokacin da za ka ba da irin wannan ka rubuta a jikin ta cewa ta wucin gadi ce, da yadda ake warware ta.

Haka dokokin polkit, tsoffin bayanai za su ce ka ƙirƙiri fayil mai ƙarewa da .pkla, sabbin sigogi kuma dokokin JavaScript suke karantawa a /etc/polkit-1/rules.d, mutum zai rubuta fayil ɗin tsaf ba kuskure amma ba abin da zai faru, ba ma saƙon kuskure. Sudo pip install na saka kayan Python shi ma daga Debian 12 da Ubuntu 23.04 yana tsayawa da externally-managed-environment, gyaran sa venv ne ko pipx.

Waɗanne ne zan gyara nan take ko da suna aiki?

Chmod -R 777 a kan foldar tsarin. Wanda ya yi shi a /usr zai tarar sudo kan sa ya ƙi tashi yana cewa dole ya zama mallakar uid 0 da setuid, kuma sau da yawa sake girkawa ya fi sauƙi. Sai NOPASSWD: ALL da ake bayarwa don kawai kalmar sirri ta dami mutum. Sai gyaran /etc/sudoers da edita kai tsaye, harafi ɗaya ya kauce ka kulle kan ka waje, a yi da visudo wanda ke duba rubutun kafin ya ajiye, ya fi kyau ma a saka ƙarin a fayil daban cikin /etc/sudoers.d. Waɗannan ba tsufa suka yi ba, tun ranar farko ba su da kyau, ba na barin su a ƙasa kamar yadda na ce a bar gksudo a tambayar gyaran tsohon bayani.

Windows da Mac fa, su ma abin ya shafe su?

Sosai. Windows ta kawo UAC, wato tagar neman izinin admin, tun Vista, kuma tsoffin bayanai cike suke da a kashe UAC in manhaja ta ƙi shiga, wanda bai kamata a cigaba da yaɗawa ba. Windows 11 sigar 24H2 ta zo da nata sudo, a kashe yake sai ka kunna a saiti, kuma suna kawai suka haɗa da na Linux, ba ruwan sa da sudoers, taga ta UAC yake fito maka da ita. A Mac kuma tun El Capitan ta 2015 akwai kariyar SIP da ke hana ko root taɓa /System, saboda haka bayanin da ya girmi 2015 zai ce ka yi sudo ka ga Operation not permitted.

Me zan tambayi mutum kafin in amsa, kuma a ina zan gwada?

Abu huɗu nake nema kusan kullum: cat /etc/os-release don sanin siga, echo $XDG_CURRENT_DESKTOP don tebur, echo $XDG_SESSION_TYPE wanda na ambata a tambayar Wayland, sai id don in ga rukunonin sa. Kuma ya kwafo saƙon kuskuren yadda yake harafi da harafi, "ya ƙi yi" ba ya nuna ko umarnin ne babu, ko allo ne, ko izini. Ka kuma tambaye shi daga ina ya samo umarnin, yanzu da yawa daga manhajojin hira na AI suke kwasowa, su kuma sun koya ne daga tsoffin rubutun namu, za su iya miƙo gksudo da cikakken ƙarfin gwiwa.

Gwaji kuwa kar ka yi a kwamfutar ka ta kullum, ba don hatsari kaɗai ba, ita ka riga ka saka mata abubuwa da yawa da sabon mutum ba shi da su, umarni zai yi maka aiki ya ƙi masa. Ka girka sabuwa fil a VirtualBox ko GNOME Boxes, ka ɗauki hoton yanayin ta kafin ka taɓa komai don ka riƙa komawa. Ubuntu mai dogon tallafi tana fita a Afrilun shekara mai lamba cika, 22.04, 24.04, Debian kusan duk shekara biyu, Fedora kusan duk wata shida. Ni duk fitowar mai dogon tallafi nake buɗe rubuce-rubuce na in bincika kalmomin gksu, kdesudo, xhost, pkla, apt-key da umarnin su mara karan, waɗanda suka fi samun masu karatu su nake fara gwadawa.